Samari masu ƙera jirgin sama, ku dubi inda bakin salansa yake

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan wani bututu da bai kai kamu biyu ba, amma yana iya hallaka matuƙi alhali injinsa na aiki lafiya lau. Salansa nake nufi, da wurin da ake fitar da bakinta a jikin jirgi.

Na yi shekaru ina gyaran ƙananan jirage kafin in yi ritaya. Tun 2007, da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a Kano, ban daina ganin hotunan yaranmu da jiragen da suka ƙera a bayan gida ba. Wallahi ina jin daɗi. Sai dai ni idan hoto ya zo hannuna, ƙarƙashin inji nake fara leƙawa kafin fukafukai.

Makon jiya ɗan ƙanwata ya kai ni shagon wani abokinsa mai walda, wanda ya haɗa jirgi mai kujera ɗaya da injin mota a gaba. Aikinsa tsaf, waldarsa ta fi ta manya da yawa. Amma ya gutsure salansar, ya fitar da bakinta ta gefen hagu, dab da kafar da ya huda don iska ta riƙa shigo wa matuƙi. Ƙasa kaɗan kuma ga tiyon mai ya ratsa. Na ce, "Ɗana, me ya kawo ta nan?" Ya ce, "Baba, nan ne kusa, kuma ai farfela za ta kwashe hayaƙin."

To, nan gizo ke saƙa. Iskar farfela ba miƙewa take yi baya ba, nannaɗe jikin jirgin take yi kamar naɗin rawani. Hayaƙin da ya fita ta gefe sai ya bi jikin kwanon yana laluben kafa: bakin ƙofa, ramin waya, ko tagar shan iska. Abin ya fi muni lokacin hawa sama, don a lokacin an buɗe wa inji wuta gaba ɗaya, yana shan mai da yawa, jirgin kuma bai yi gudu ba tukuna.

A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mun san ta, ko da ba mu san sunanta ba. Ita ce ke kwashe iyali guda idan an kwana da janareto a cikin gida, ko an rufe ɗaki da garwashin gawayi lokacin hunturu. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da ɗoriya. Ciwon kai take fara sawa, sai kasala, sai mutum ya rikice bai san ya rikice ba. Direban mota ya iya ratsewa gefen titi. Matuƙi ina zai ratse?

Masu kallon ƙwallo za su tuna Emiliano Sala, ɗan Ajantina, wanda ƙaramin jirgi Piper Malibu ya faɗi da shi a teku ranar 21 ga Janairu 2019, a hanyarsa daga Nantes ta Faransa zuwa Cardiff. Gwajin jininsa ya nuna wannan guba ta kama kashi 58 cikin 100. Masu binciken Birtaniya sun fi kyautata zaton daga salansa ta ɓullo, ta bi hanyar ɗumama ɗaki, ta taɓa matuƙin shi ma. Jirgin da kamfani ya ƙera ke nan fa, ba na bayan gida ba.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Jiragen Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna don horar da matuƙan sojan sama, daga tsarin RV-6A aka ɗauko su, jirgin Amurka da mutane ke haɗawa da hannunsu a garejin gida. A irinsa salansa ta ƙarƙashin inji take fita, bakinta na kallon baya, ya ɗan sunkuya ƙasa, ya zarce murfin inji. Haka na ce wa yaron ya yi. Na ƙara masa cewa hayaƙin nan kan wuce digiri 700 na zafi yayin da yake barin inji, don haka ya nisanta ta daga tiyon mai da wayoyi, kada kuma ta riƙa hura alminiyum, don ƙarfinsa na raguwa tun kafin zafi ya kai rabin haka.

Wani abu da masu walda kan manta: inji a kan roba yake zaune, yana girgiza shi kaɗai. Idan aka ɗaure jelar salansa tam a jikin jirgi, walda za ta tsage, hayaƙi ya riƙa tsiyaya a inda ido ba ya gani. A jikin injin za a rataye ta, su yi rawa tare. Gano tsaga kuwa ba wuya: a toshe bakin, a hura iska a ciki, a shafa ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne. A kuma toshe duk wata kafa a bangon da ya raba inji da matuƙi, a manna katin nan mai sauya launi idan guba ta shigo.

Ina roƙon Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda ke nan tun 1964, ta ware ko rana ɗaya a shekara irin waɗannan yara su zo su leƙa ƙarƙashin jirgi na gaske, su yi tambaya. Na kuma jaddada wa yaron kada ya yi gigin tashi sai hukuma ta duba aikinsa.

Ya yarda zai yanke ta, ko da yake yana ƙorafin sabon bututun zai ƙara nauyi. Ranar Asabar za mu ɗaure jirgin a gindin darbejiya, mu manna farin ƙyalle a jikinsa, mu tayar da inji, mu ga inda kunkunniya za ta kwanta.

Naka,
Tsohon makanikin jirgin sama, Kaduna