Amsa ga Mai Unguwa: A Fara Kai Ta Asibiti Kafin a Zauna Sulhu

Ranka ya daɗe,

Tambayar da ka yi mini a shirin rediyo ta fi ƙarfin mintocin da suka rage mana, shi ya sa na rubuto. Ka ce iyaye kan zo zaurenka da dare su ce an yi wa ɗiyarsu fyaɗe, kai kuwa ba ɗan sanda ba, ba likita ba, to me za ka yi da ba zai ƙara tona musu asiri ba?

Abu na farko, ka nemo mota ko babur. Kafin a kira dangin wanda ake zargi, kafin a tara dattawa, a kai ta asibiti. Maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau bayan irin wannan ta'asa sai an fara shan shi cikin awa 72 yake amfani, kuma kwana 28 ake yi ana sha ba fashi. Wasu kan daina a makon farko saboda tashin zuciya da kasala, don haka a sa wata babba a gidan ta riƙa tsayawa a kai kullum. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana kaiwa awa 120, amma ƙarfinsa raguwa yake kowace rana. A faɗa wa iyaye a fili cewa hana shigar ciki yake yi, ba ya zubar da wanda ya riga ya shiga, domin wannan tsoron kan sa su ƙi. Akwai kuma allurar ciwon hanta, da ta tetanus in akwai rauni, da maganin cututtukan sanyi.

Zaman sulhu kuwa waɗannan kwanaki ukun yake cinyewa. Yau ana jiran kawu ya dawo daga kasuwa, gobe ana jiran uban yaron, jibi ana batun kuɗi. Kafin a tashi, lokacin magani ya wuce.

Uwa za ta so ta yi mata wanka da ruwan zafi, ta wanke zanen. Tausayi ne, amma shaida ce ake wankewa. A bar wankan sai likita ya duba. Kayan da ke jikinta a naɗe su cikin takarda mai tsabta, kada a ƙulle a leda, don leda na riƙe danshi, kayan su yi fumfuna, shaidar ta lalace. A roƙi likita ya rubuta rahoto da kwanan wata da sa hannu, iyaye su ajiye kwafi. Kuma mace ɗaya ta saurari yarinyar, sau ɗaya, a ɗaki. Kada a tsayar da ita gaban maza goma tana maimaita abin da ya faru, kada kuma kowa ya sa hotonta ko sunanta a Facebook da sunan neman mata haƙƙi.

Daga asibiti sai ofishin 'yan sanda, kuma ka raka su da kanka in da hali, don talaka da mai unguwa a gefensa ba a cika mayar da shi baya ba. A rubuta sunan jami'in da ke binciken da lambar wayarsa. Babban laifi ne, yawanci takardun kan wuce sashen binciken manyan laifuka a Gusau, sannan Ma'aikatar Shari'a. A nan ƙararraki suke mutuwa: ana ɗage zama, kuɗin mota ya ƙare, shaidu su gaji, dangin yaron su yi ta sintiri da ban baki. Lauyoyin FIDA, wato ƙungiyar mata lauyoyi, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ba sa karɓar kuɗi a kan irin wannan. Ni dai a ganina, shugaban da ya karɓi diyya ya rufe maganar bai rufa wa kowa asiri ba sai mai laifin, kuma mai laifin yana nan a unguwar da sauran yara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ka zaɓi mata biyu masu riƙon amana, misali ungozoma da malamar Islamiyya, waɗanda za a iya buga wa ƙofa da tsakar dare. Ka sami direba ɗaya da ya yarda a tashe shi. A ware ɗan asusu daga kuɗin ƙungiyar unguwa don mai da kati da zuwa kotu. Sannan ka aika a tambayo wane asibiti kusa da ku ke da maganin kariya daga ƙanjamau ɗin nan a ajiye, domin ba kowane ƙaramin asibiti ke da shi ba. A Gusau akwai Asibitin Tarayya da na Yariman Bakura. A wajen gari, a fara da babban asibitin ƙaramar hukuma.

Wani ɓangaren da ba ka tambaya ba amma yana ƙasarka: matan da suka dawo daga hannun 'yan bindiga. Da aka sako ɗalibai 279 na Jangebe a watan Maris na 2021, an kai su Gusau an duba lafiyarsu, don idon duniya na kansu. Matar da aka karɓo a ɓoye bayan an sayar da gona an biya fansa, gida ake wucewa da ita, a yi barka, shi ke nan. Ko da kwana ukun sun wuce da makonni, a kai ta. Za a yi gwajin ciki da na ƙanjamau, a sake gwajin bayan wata uku, a yi maganin ciwon da ake iya warkarwa. Mijinta ma ka zauna da shi kai da liman tun kafin surutun mutane ya kai shi ga saki.

In aka tarar babu maganin a asibitinku, ku rubuta takarda da sa hannunka da na liman da shugabar mata, ku kai wa hakimi da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku riƙe kwafi, ku koma bayan mako biyu ku ji inda aka kwana.

Allah ya ja zamaninka. Wassalam.