Mun cike takardun tambayoyi, ina sakamakon?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na koyar a firamare a cikin garin Sakkwato shekara 35, goman ƙarshe ina hedimasta, kuma da wuya zango ya ƙare ba a shigo ofishina da takardun tambayoyi ba. Ɗalibi zai zo daga wata babbar makaranta, ya aje babur gindin dogon yaro, ya miƙo wasiƙar sashensu, ya ce furojet yake yi a kan halayyar malamai ga ɗalibai. Idan an tashi tara sai in raba wa malamai, su zauna su yi ta ɗora alama: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba. Wani ma yakan cike uku, tasa da ta abokan aikinsa da suka tafi gaisuwar mutuwa. Ɗalibi ya tattara ya yi godiya. Daga ranar kuma, shiru kake ji wai Malam ya ci shirwa.

Ko sau ɗaya ba a taɓa dawo mana da abin da aka gano ba. Ban ga laifin yaran ba, maki suke nema su gama. Amma tambayoyin kansu sukan ba ni dariya. Ka tambayi malami a rubuce ko yana ƙaunar ɗalibansa, wa zai ce a'a? Halin malami a cikin aji ake ganinsa, wajen ƙarfe goma sha biyu na rana a watan Afrilu, kwano ya ɗau zafi, yara fiye da ɗari a ƙasa, alhali tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Mai son sanin gaskiya ya zo ya zauna a bayan ajin nan mako biyu da littafinsa, ya ƙirga sau nawa aka kira sunan na baya, sau nawa aka ce wa yaro jaki.

Ni kaina ban kuɓuta ba. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da duk muka yanke wa hukunci. Daƙiƙiya muke ce mata, har da ni. Rubutunta kamar tafiyar kaza, a tambaye ta ta sunkuyar da kai, an yi bulala har an gaji. Sai aka turo mana wata ɗalibar NCE, wato mai karatun takardar shaidar malanta, gwajin koyarwa. Cikin kwanaki kaɗan ta lura yarinyar ba ta kallon allo, littafin ta kusa da ita take leƙe tana kwafa. Ta ja ta gefe ta tambaye ta. Ta ce, "Malama, hazo nika gani ga allo." Aka kira uban, mai sayar da albasa ne, ya kai ta aka duba idon, aka ba ta tabarau, muka dawo da ita layin gaba. Ba ta zama ta ɗaya ba, kada in yi ƙarya, amma kafin ƙarshen shekara tana karanta Hausa tiryan-tiryan. Shekara huɗu muna tare da ita, baƙuwar da ta zo na makonni ce ta gani. Har yau abin yana tsaya mini a rai.

Sai bayan na yi ritaya na karanta furojet ɗin farko a rayuwata, na ɗiyar ƙanena. A babi na biyu na ci karo da wani bincike da Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa a 1968. A wata firamare ta jihar Kalifoniya a Amurka suka gaya wa malamai cewa wasu yara, kimanin kashi 20 cikin ɗari, gwaji ya nuna za su buɗe a wannan shekara. Alhali kara-zube aka zaɓo sunayen. Da aka sake gwaji daga baya, yaran nan sun fi sauran ci gaba, musamman 'yan aji ɗaya da aji biyu. Masana sun yi ta jayayya a kan girman tasirin, wasu suna ganin bai kai yadda aka fara zuzutawa ba, amma zaton da malami yake yi wa yaro yana da hannu a abin da yaron zai zama. Na aje kundin na yi shiru. Ashe wannan magana tana kwance a ɗakunan karatu, ɗalibai suna kwafarta shekara da shekaru don cika babi, mu masu riƙe da alli ba wanda ya gaya mana da harshen da za mu ji.

Kuma garin nan bai rasa masana ba. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan tun 1975, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ta ma girme ta, ga jami'ar jiha. A nan Sakkwato Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE na ba kowane yaro ilimin tushe a 1999, a ƙarshen 2015 kuma gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Mun ma taɓa ganin yadda bincike yake amfani idan ya shigo aji. Shirin Mu Karanta, wanda hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta tallafa wa a Sakkwato da Bauci, ya biyo bayan gwajin da aka yi wa yara ɗaya bayan ɗaya, a ba yaro takarda ya karanta na minti guda. Aka tarar da yawansu ko kalma ɗaya ta Hausa ba sa iya haɗawa. Abin kunya ne, amma an faɗa mana, an biyo mu da littattafai da horo, aka nuna wa malami yadda ake bi daga sautin harafi zuwa gaɓa zuwa kalma. Malamin da aka nuna wa yakan canza.

A manyan makarantu ma haka zancen yake. Yaro ya fito daga sakandaren gwamnati a ƙauye, Turancin lacca ya fi ƙarfinsa, ga kuɗin mota, ga yunwa, ya faɗi kwas biyu uku, babu wanda zai kira shi ya ce me ke damunka. Bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022 na san yaran unguwarmu da suka kama kabu-kabu ba su koma ba, ban kuma ji an neme su ba. A sakandare kuwa, malamin da aka ba aikin ba ɗalibai shawara shi ne dai aka jibga wa darussa har ba shi da lokacin shan ruwa. Na san za a ce albashi da ƙarin girma ne tushen matsalar. Gaskiya ne, mai jin yunwa ba ya da dogon haƙuri. Amma dawo da yarinya layin gaba ko kwabo ba mu kashe ba.

Nana Asma'u ba ta bar iliminta a cikin kundi ba. Ta mayar da shi waƙa da Hausa da Fulatanci, jajoji, wato malamai mata da ta horar, suka ɗauka suka kai wa matan ƙauyuka. Abin da nake roƙo bai kai wannan wahala ba. Duk ɗalibin da ya ɗebi bayanai a wata makaranta, a sa masa sharaɗi kafin a sa hannu a kundinsa: ya rubuta abin da ya gano a shafi ɗaya, da Hausa, ya mayar wa hedimastan, a karanta a taron malamai da na iyaye. Ku kuma, Edita, ku ware ko rabin shafi ne sau ɗaya a wata, ku nemi malaman tsangayar ilimi su zaɓo bincike ɗaya mai ma'ana su warware shi yadda malamar aji biyu a Wamakko ko Bodinga za ta gane, ta gwada ranar Litinin. Idan ana neman wanda zai duba ko Hausar ta fita, mu 'yan fansho muna da lokaci, kullum bayan la'asar muna zaune a majalisa.

Wassalam.

Tsohon hedimasta,
Mabera, Sakkwato.