A Fara Duba Mara Lafiya Kafin A Tambayi Kuɗi

Malam Edita, Assalamu alaikum.

Na karanta rahotonku kan tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu da Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar a Nuwamban 2024. Abu ne mai kyau wallahi, amma matsalar talaka tun daga ƙofar imajensi take farawa.

Kwanakin baya muka kai maƙwabcina wani asibiti cikin dare bayan ya faɗi a babur, jini na ta zuba, aka ce sai mun yanki kati mun ajiye kuɗi tukuna, sannan mu sayo safar hannu da ruwan ƙari a kemis, muna ta kiran 'yan uwa su turo mana, netwok kuma ya ƙi, bawan Allah yana kwance a benci sama da awa ɗaya. Allah dai Ya sa da sauran kwana.

Alhali sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi duba mai buƙatar gaggawa, hukuncin kuwa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Ban ɗora wa ma'aikata laifin duka ba, asibitin da ba a biya ba da me zai sayi kayan aiki?

Don haka ina roƙon gwamnati ta riƙa biyan asibitoci kan lokaci daga kashi 5 cikin 100 na asusun gwamnati na kula da lafiya a matakin farko (BHCPF) da aka ware don gaggawa, a liƙa wannan doka da Hausa a ƙofar kowane asibiti, lissafin kuɗi kuma a kawo shi a rubuce dalla-dalla bayan mutum ya farfaɗo.

Naku,
Mai karatu daga Kano