Talabijin ɗin Baba ta kawo hoto

Mabera, Sakkwato

Aminina Garba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maman Ummi da yara. Shirun ya yi yawa, tun sallar layya rabon da in ji muryarka. Akwai maganar filin nan na Arkilla da nake son jin shawararka a kai, amma bari in fara da abin da ya hana ni barci jiya.

Ka tuna talabijin ɗin Baba, Philips baƙi da fari mai akwatin katako, wadda muke cika zaure dominta har a kira Isha'i a kore mu? Garba, ta kawo hoto! Da idona na gani.

Wajen gyaran ɗakin Inna aka zaƙulo ta, har autanmu ya fara ciniki da 'yan gwangwan, na ce ba da ni ba. Da na kwance bayanta, ƙurar hunturu ta yi kauri kamar bargo, ga gidan zanzaro manne a jikin lasifika, ga ɓawon ƙwan ƙadangare. Kwana biyu ina sharewa da burushin fenti.

Ban yi gangancin jona ta kai tsaye ba. Tsohon nan mai gyaran rediyo na bakin Tsohuwar Kasuwa, wanda ka taɓa zubar wa fura a kan teburi, yana nan da ransa, idon ne kawai ya yi rauni. Shi ya ce in ratsa kwan fitila mai wat 100 a kan layin wutar, in akwai abin da ya haɗe a ciki kwan zai haska ya shanye wutar, ba abin da zai ƙone. Samun kwan irin na da ma sai da na zaga shaguna.

Na kunna, shiru, ko bawul ɗaya, wato ƙananan kwalaben gilashin nan da ke sarrafa wutar a cikinta, bai yi ja ba. Ashe irin waɗannan da sunansu ya fara da P, zaren da ke ɗumama su a jere yake kamar carbi, duk wuta ɗaya mai miliamfa 300 ke bi ta cikinsu, ɗaya ya tsinke duka sun mutu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da mita, na kama mai laifin, PY88. Tsohon ya zazzage wani gwangwanin madara ya miƙo mini wani, ya ƙi karɓar ko sisi. Da na ga kwalaben nan sun fara ja a hankali, ƙamshin ƙura mai zafi ya tashi, wallahi sai na ji kamar Baba zai yi gyaran murya a bayana.

Kai kuma na ga hotonka a Facebook, tumbin nan fa? Legas ta karɓe ka. Ɗan Ladi ya ƙara aure, 'yar Wamakko, kuma har yau bai biya ka kuɗin keken ba, in ka manta ni ban manta ba.

To, sauti ya zo, amma fuskar talabijin ɗin sai farin layi guda a kwance. Nan da nan na rage hasken, don in aka bar shi yana ƙona gilashin ya bar tabo har abada. Wannan ciwon ɓangaren da ke buɗe hoto sama da ƙasa ne. Kondensocin takarda masu kakin zuma, 'yan abubuwan nan masu riƙe caji, duk sun tsufa suna yoyon wuta, na cire goma sha ɗaya na sa sababbi. Kada ka damu, ina kiyayewa. Kwalbar hoton tana aiki da bolt sama da dubu goma, kuma tana riƙe caji ko an kashe, sai na sauke shi kafin in sa hannu. Ƙarfen jikinta ma haɗe yake da wutar gida, don haka ɗakin a kulle yake, yara ba sa shiga.

Jiya na haɗa ta da dikoda ta ɗan akwatin da ke mayar da hoto siginar eriya. Na kira Inna. Ta daɗe tana shafa katakon, ba ta ma kalli hoton ba. Ta ce Baba a hannun wani ma'aikaci ya saye ta, wanda aka yi wa canji daga Kaduna, su da tun 1962 suke da tasharsu. Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska, na fita na ba ta wuri.

Damuwata ɗaya ce. In ta yi minti ashirin tana aiki, hoton sai ya riƙa tsukewa daga ƙasa, ƙafafun mutane su gajarce. Tsohon ya ce bawul PCL85, na ɓangaren buɗe hoto sama da ƙasa, ne ya gaji, kuma duk gwangwanayensa babu. Don Allah ka leƙa kasuwar Alaba a nan Legas wajen masu tsofaffin kaya. PCL85 ko PCL805, kowanne zai shiga, ƙafa tara gare shi. In ka samu bawul PL504 ma haɗo da shi in ajiye. Ka naɗe su da auduga cikin gwangwani, ka ba direban da ka yarda da shi, kada a cusa su ƙarƙashin buhu. Ina so Inna ta kalli tafsiri a cikinta azumin bana.

A gaishe da Maman Ummi.

Naka,
Bello