Dalilin da ya sa manyan gem ba sa sauka a tsarin biyan wata

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan harkar gem, na san wasu dattawa za su ce wasan yara ne har da rubuto wasiƙa, to amma mu da shi muke ci muke sha, ni ina da gidan gem a nan Yalwa cikin Bauchi kuma ba ni kaɗai ba ne, ka zagaya Gwallameji ko Fadaman Mada ka ƙirga shagunan da samari ke cika da yamma kowa riƙe da hannun PS, wato na'urar PlayStation. Tambayar da yaran nan ke damuna da ita kullum ita ce, oga tunda an ce akwai tsarin da za ka biya kuɗin wata ka sauke gem ɗari-ɗari, me ya sa sabon gem ɗin ƙwallo ko GTA ko God of War ba sa ciki ranar da suka fito, sai wasu ƙananan gem da ba wanda ya san sunansu? Wasu har cewa suke kamfanonin mugunta ce kawai. Ni dai a ganina lissafi ne zalla, kuma in ni ne su haka zan yi.

Abin ba yau ya fara ba. Lokacin da na'urar Xbox 360 ta kamfanin Microsoft ta fito a 2005 da kantinta na Xbox Live Arcade, doka suka sa cewa gem ɗin da za a sauke kada ya wuce mega 50, daga baya a 2007 suka ƙara zuwa 150. Nintendo kuma da ta buɗe nata tsarin saukewa na WiiWare a na'urarta Wii a 2008 mega 40 ta yanke. Mega 40 fa, bidiyon biki ɗaya da ake turowa a WhatsApp ya fi haka. Farashi kuma dala 5 ne, 10, ko 15, alhali gem na faifai dala 60 ake sayar da shi a kanti. To kamfanin da ya tara ma'aikata ɗaruruwa suka shekara uku huɗu suna gini, ta ina zai matse kayansa ya shiga wannan ramin, kuma ya sayar a rubu'in kuɗi? Shi ya sa wurin ya zama na ƙananan kamfanoni da tsofaffin gem da ake sake wankewa. Akwai waɗanda suka leƙa, Capcom ta yi Mega Man 9 a 2008, EA ta yi Battlefield 1943 a 2009 kuma ya yi kasuwa sosai, amma ka lura ƙanen gem suka tura, babban yayan yana kan faifai.

Sannan akwai maganar suna, wadda ita ce mutane ba sa kula da ita. Araha ba ta ado. In ka saba wa mutane da samun sunan gem ɗinka a dala 10, ranar da ka ce 60 sai su ga kamar ka zalunce su. Ga kuma manyan shaguna irin su GameStop da Walmart da a lokacin su ne ke sayar da yawancin kayan kamfanonin gem, ba wanda ke son ya ɓata da su ta hanyar karya farashi a intanet.

Yanzu maganar girma ta wuce, kowane babban gem kana iya saye ka sauke a kantin PlayStation ko na Xbox, amma da cikakken kuɗinsa, wanda ma ya tashi zuwa dala 70 tun zuwan PS5 a 2020. Rigimar ta koma kan biyan wata. Microsoft ta fara nata tsarin mai suna Game Pass a 2017, Sony ta sake fasalin PlayStation Plus a 2022 ta raba shi hawa uku, kuma shugaban sashen PlayStation na lokacin Jim Ryan bai ɓoye ba, ya nuna ba za su zuba sababbin manyan gem ɗinsu a ciki ranar fitowa ba don hakan zai taɓa kuɗin da suke zubawa wajen ƙera su. Kuma kuɗin ba na wasa ba ne, takardun da suka fito a shari'ar Microsoft da hukumar kasuwanci ta Amurka a 2023 sun nuna The Last of Us na biyu ya ci kusan dala miliyan 220, Horizon Forbidden West miliyan 212. Ka buga wannan a naira in kana da ƙarfin zuciya, ni kalkuletar wayata ma sai da ta nemi ta gaza.

Dubi GTA V. Ya fito a Satumban 2013, cikin kwana 3 ya haɗa dala biliyan 1, kuma zuwa yanzu an sayar da sama da kofi miliyan 200. Yaushe ya shiga Game Pass? Sai Janairun 2020, bayan shekara shida da ɗoriya, an gama tatse shi, kuma ya shiga ya fita ba zama ya yi ba. Wanda kayansa ke tafiya haka, me zai kai shi ya karɓi ƙudundunen kuɗi sau ɗaya daga mai kanti ya bar mutum miliyan su buga kusan a ɓagas? Mu nan Arewa ai mun ga irin wannan da idonmu a harkar fim, da kasuwar faifai ta mutu aka koma ɗora komai a YouTube, masu manyan finafinai da yawa sai suka ja baya aka koma masu dogon zango, don abin da ke shigowa ba ya ɗaukar nauyin babban aiki. Su waɗannan kamfanonin gem abin da suke gudu kenan.

Na san wani zai ce to ai Call of Duty ya shiga, Black Ops 6 ya sauka a Game Pass ranar da ya fito a Oktoban 2024. Gaskiya ne. Amma sai da Microsoft ta sayi kamfanin Activision mai Call of Duty ɗin ɗungurungum a kan kusan dala biliyan 69, cinikin ya kammala a 2023, wato mai kanti ne ya sayi masana'anta sannan ya zuba kayan a shagonsa, ba mai kaya ne ya kawo da kansa ba. Kuma shekara ta zagayo, a Oktoban 2025 suka ɗaga kuɗin babban hawan Game Pass daga dala 20 zuwa 30 a wata. Ko ta ina aka bi dai aljihun mai bugawa ake dawowa.

Ƙwallo kuwa, wadda ita ce abincinmu a shago, in ba ita ba wallahi da tuni na koma sayar da caja, su EA nasu salon daban ne. Tun da suka rabu da FIFA suka mayar da sunan gem ɗin FC a 2023 ba abin da ya canza, kowace shekara wajen ƙarshen Satumba sabo zai fito da cikakken kuɗi, sai kakar wasa ta yi nisa an kusa fitar da wani sannan su saka tsohon a nasu tsarin na EA Play. Konami ce ta yi ƙundunbala ta mayar da nata gem ɗin ƙwallo PES kyauta a 2021 ta sa masa eFootball, kowa ya tuna yadda aka yi ta dariyar fuskokin 'yan wasa a farkon fitowarsa, yanzu ya gyaru kam musamman a waya, amma a shagona yaro in ya ajiye kuɗinsa FC yake cewa a sa masa.

Inda nake so masu karatu su tsaya su duba shi ne, wannan ƙin da manyan gem ke yi, mu nan rufin asiri ne gare mu. Matuƙar suna son dala 70 ɗinsu kuma suna buga faifai, to faifan zai biyo hanya ya iso kasuwar Wunti ko da na hannu ne, in saya, in buga shekara, in kai a yi min musanye in cika kuɗi kaɗan in ɗauko sabo. Yawanci faifai in ya loda a na'ura ya tashi ba ruwansa da sabis. Shi kuwa na saukewa fa? Na farko sai ka buɗe akawun da adireshin wata ƙasa, ka nemi katin dala a wajen masu sayarwa, su ɗora nasu. Na biyu data, gem ɗaya giga 50, wani ya haura 100, ga shi an ƙara kuɗin data da kashi 50 cikin 100 a 2025. Ka kunna da tsakar dare don ka ci garaɓasar dare, ka ɗora wayar a kan taga inda sabis ya fi kamawa, ka zauna kana kallon layin nan yana rarrafe kashi 61, kashi 62, a ɗauke wuta, ka tashi ka ja inji da man da ka aje don kwastomomin gobe. Ka gama duk wannan kuma abin ba naka ba ne, ba ka iya sayarwa, ba ka iya ara wa maƙwabci, in na biyan wata ne kuma, wata ya ƙare ba ka biya ba kwaɗo ya hau kan gem ɗin. Kantin Wii an rufe shi a 2019, na Xbox 360 a 2024, shi kansa Battlefield 1943 ɗin da na ambata an cire shi daga kasuwa a 2023, amma faifan PS2 da ke cikin kwali a bayan shagona har gobe in ka goge shi da gefen riga zai tashi.

Abin da ke ban tsoro yanzu shi ne na'urorin da ba su da bakin faifai sam, irin PS5 ɗin nan mai sauƙin kuɗi da Xbox Series S. Ana kawo su, saurayi ya ga ta fi araha ya tattara kuɗin da ya sha wahalar tarawa ya saya, sai ya je gida yana juya ta yana neman inda ake zura faifai. Wasu masu shagon ba sa faɗa, wasu su ma ba su sani ba. Don Allah Edita ku tura wakilinku na Bauchi ya zaga wajen masu sayar da kayan nan ya yi rahoto a shafinku na fasaha, a bayyana wa mutane bambancin na'urorin biyu da abin da kowace za ta ci musu a shekara kafin su miƙa kuɗi.

Naku,
Mai gidan gem,
Yalwa, Bauchi.