Sakatariyar cocinmu ta faɗa min sirrinta, me zan rubuta a kanta?

Mama barka da aiki, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ya iyali ya hidima. Na daɗe ina sauraron shirinki kuma na ga yadda kike bi da matsalar mutane a hankali ba tare da kin kunyata kowa ba, shi yasa na ce bari in kawo tawa. Dan Allah kar a faɗi sunana.

Ni ina cikin shugabannin zumuntar mata a cocinmu, to watan jiya sai dattawa suka kawo shawara a mitin cewa a dinga gabatar da ma'aikatan ikilisiya ɗaya bayan ɗaya a 'yar takardar da muke rabawa ran Lahadi, domin mutane fasto kawai suka sani, masu shara da mai gadi da mai kula da na'urar magana da 'yan ofis babu wanda ya damu dasu. Fasto ma ya kawo 1 Tasalonikawa 5:12 inda Bulus yake roƙon 'yan'uwa su kula da masu fama da aiki a cikinsu. Aka ce tambaya uku za a yi wa kowa, iyalinsa, abubuwan da yake sha'awa, da yadda tafiyarsa take da Ubangiji. Ni aka ba sakatariyar ofis.

Mama matar nan shekara 6 tana aiki damu. Ita ke buga tsarin sujada, ita ke rubuta sunayen masu baftisma da masu aure, in an yi rasuwa ita ke fara kiran mutane a waya, amma ranar da na zauna zan shirya tambayoyi sai na tarar ko sunan mijinta ban sani ba, ban san 'ya'yanta nawa ba. Shekara 6 ina shiga ofis ɗin nan in ce a buga min kaza in fita. Abin ya dame ni sosai.

Da na je mun fara da daɗi. Da na tambaye ta abin da take so sai fuskarta ta sake, ashe furanni take shukawa, tana da tukwane sun fi 30 a bayan ɗakinta kuma ta san halin kowanne, wanda yake son rana da wanda in ka cika masa ruwa saiwarsa ke ruɓewa, ta nuna min hotuna a waya har muka manta da lokaci. Ashe kuma tana kaɗa jita tun tana 'yar makaranta amma bata taɓa shiga mawaƙa ba don ba wanda ya taɓa tambayarta. Na ce mata aikinta ma yana cikin Littafi Mai Tsarki, a Romawa 16 Bulus ya gaida mutane sama da 20 kowa da sunansa, har ya ambaci mahaifiyar Rufus da ya ce ta zama uwa a gare shi, sannan a aya 22 Tartiyas wanda ya rubuta wasiƙar da hannunsa shi ma ya sa tasa gaisuwar. Tayi murmushi ta ce bata taɓa lura da wannan ayar ba.

Da na zo kan iyali sai ta ce lafiya lau muke, ta yi shiru, ta hau gyara takardun da ke kan tebur waɗanda dama a gyare suke. Ni kuma maimakon in bar maganar sai na ce ai ban taɓa ganin maigida a sujada ba ko wata coci yake zuwa, wannan kuskurena ne kuma na yarda. Nan ta fashe da kuka. Ta ce mijinta ya daina zuwa coci shekara 4 kenan tun da ɗansu na fari ya rasu bayan doguwar jinya, ya ce ya yi azumi ya yi addu'a ba a ji shi ba don haka shi ya gama, baya hana ta zuwa kuma baya wulaƙanta ta, mutumin kirki ne yana riƙe gidansa, amma ko addu'ar safe aka fara sai ya tashi ya fita. Mama lokacin rasuwar yaron nan ina coci, na tuna an sanar, na je gaisuwa sau ɗaya, daga nan ban sake waiwayarta ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne amsarta ta uku, wadda ban ma kai ga tambaya ba ita ta faɗa da kanta. Ta ce ita ma kusan shekara 2 bata iya addu'a, in ta durƙusa kamar da bango take magana, duk sati ita ke buga jerin roƙon addu'a na mutane a kwamfuta amma nata bakin ya bushe. Ta ce bata bar bangaskiya ba, tana cin jibin Ubangiji, tana karanta Zabura da dare, sai dai bata jin komai. Sai ta riƙe hannuna ta ce ke kaɗai na faɗa wa, dan Allah kar fasto ya ji, da albashin nan nake biyan kuɗin makarantar sauran yara biyu.

Na ce mata ba zan faɗa ba. To yanzu ga inda na maƙale.

An ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo rubutun, kuma na ga na mutum biyu da aka riga aka fitar, duk shaida ce mai daɗi, na karɓi Yesu a shekara kaza, ni da matata muna hidima tare, Allah ya yi mana kaza. Dattawa irin wannan suke jira. In na rubuta mata haka na yi ƙarya a takardar coci kuma ita ce ma za ta buga shi da hannunta, ki duba wannan nauyi. In na rubuta furanni da jita kawai na tsallake sauran, mutanenmu ba yara bane, za a fara tambaya me yasa nata ya bambanta, ina mijin, kin san yadda ƙaramar magana ke girma a zumunta. Na yi tunanin in roƙi dattawa a cire tambaya ta uku ga kowa ko a bar ma'aikaci ya zaɓi wadda zai amsa, amma in na kawo wannan yanzu bayan an san wa na je gani, kamar na nuna ta da yatsa ne.

Sannan maganar fasto. Ni a raina ban ɗauki halin da take ciki a matsayin zunubi ba, Zabura 88 daga farko har ƙarshe kuka ce kuma da duhu ta ƙare, Iliya a 1 Sarakuna 19 ya zauna gindin itace ya roƙi mutuwa kuma Allah bai fara da tsawata masa ba sai da ya bar shi ya yi barci ya huta, uban yaron da aka kawo wa Yesu a Markus 9:24 ya ce ya ba da gaskiya amma a taimaki rashin bangaskiyarsa. Ko Mother Teresa, 'yar Katolikan nan mai hidimar talakawa a Indiya da ta rasu a 1997, wasiƙunta da aka fitar a 2007 sun nuna ta yi shekaru masu yawa cikin irin wannan bushewar tana kuma hidima. Amma ni ba fasto ba ce ban yi makarantar tauhidi ba, ina tsoron in riƙe abu ni kaɗai ya fi ƙarfina, matar nan tana bukatar mai kiwo na gaske. Fastonmu mai tausayi ne amma ba shi kaɗai ke yanke shawarar aiki ba, akwai kwamiti, kuma akwai waɗanda za su ce wadda bata addu'a bata dace da ofis ɗin coci ba. Karin Magana 11:13 kuma tana gabana kullum, amintacce yana rufe asiri. Mijina na tambaye shi a dunƙule ban kama suna ba ya ce alkawari alkawari ne, in yi shiru, amma shirun nan ai shi muka yi mata shekara 4.

Tun ranar ban koma ofis ɗin ba sai gaisuwa daga nesa, kuma na lura ita ma tana kauce wa idona, ina jin tana nadamar buɗe min ciki, wannan yana ci min rai fiye da komai domin bana son ta ɗauka na gudu ne don na ji abin da na ji. Ina so in je gidanta ba da takarda da biro ba, in ga furannin nan, in gaida maigidanta kamar kowane mutum ba don in yi masa wa'azi ba, amma ina tsoron ya ga kamar coci ce ta turo ni.

Mama me zan rubuta wanda ba ƙarya ba kuma bai tona ta ba? Ko in kai mata ta rubuta da kanta in sa yadda ta bayar? Ya zan lallashe ta ta yarda ta ga fasto ko wata dattijuwa mai riƙon amana ba tare da ta ji na matsa mata ba, in kuma ta ƙi sam, in ci gaba da riƙewa har yaushe? Ran Laraba nake da niyyar zuwa wajenta bayan nazarin Littafi, in da hali ki amsa min kafin nan.

Taki 'yar cikin Ubangiji.