A Amurka, sunan da ke kan fom ne ke cin gado

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na ranar Lahadi kan yadda 'yan'uwanmu mazauna Amurka ke tanadin tsufa. Baƙon naku ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Gaskiya ya faɗa cewa asusun 401(k) da IRA na ritaya, da HSA na lafiya, da 529 na karatun yara, duk suna rage wa mutum nauyin haraji. Sai dai lokaci ya ƙure masa bai kai inda gizo ke saƙar ba, wato makomar kuɗin ranar da mai su ya koma ga Mahaliccinsa. Shekarata 19 ina aikin asibiti a jihar Maryland, kuma ba sau ɗaya ba na ga wannan magana ta raba zumunci tun ba a yi sadakar bakwai ba.

Kafin in kai nan, ina da ɗan saƙo ga na gida. In ɗan'uwanku ya ce yana da kuɗi a asusun ritaya amma ba zai iya turo gudunmawar biki daga ciki ba, kada a ce rowa ce. Sauƙin harajin da sharaɗinsa ya zo. Wanda ya taɓa kuɗin 401(k) ko IRA kafin ya kai shekara 59 da rabi, zai biya haraji sannan a ɗora masa tarar kashi 10 cikin ɗari, in ba cikin 'yan uzurorin da doka ta lissafa ba. A HSA tarar kashi 20 ce ga wanda bai kai 65 ba in ya kashe kuɗin a abin da ba magani ba. A 529 kuma ribar ce ake ci wa haraji da tarar kashi 10 in ba karatu aka biya da ita ba.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Ranar da mutum ke buɗe irin wannan asusu, akan ba shi wani fom ya rubuta sunan wanda za a miƙa wa kuɗin in ya rasu. Yawancinmu a tsaitsaye muka cike shi, a makon farko na kama aiki, cikin tulin wasu takardu. Mun ɗauka irin na gida ne. A Najeriya sunan da ma'aikaci ya bai wa kamfanin fansho a matsayin makusanci ba ya mai da mutum magaji, sai iyalai sun kawo takardar kotu kafin a saki kuɗi, a raba yadda shari'a ta tanada. A nan kuwa wanda aka rubuta shi ne mai kuɗin. Ko ka bar wasiyya mai shafi goma da sa hannun liman da shaidu, kamfanin da ke riƙe da asusun fom ɗinsa zai duba.

Wanda ke ganin na kambama abin ya nemi labarin shari'ar Kennedy da kamfanin DuPont, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2009. Kennedy, wani ma'aikacin kamfanin, ya rabu da matarsa, ita ma ta amince a takardar saki cewa ba ta da haƙƙi a kuɗin ritayarsa, amma bai cire sunanta daga fom ba har ya mutu. Kamfanin ya miƙa mata kusan dala 400,000, 'yarsa ta kai ƙara, kotu ta ce kamfanin ya yi daidai tun da takardun asusun ya bi.

Ni ma na ga irin wannan da idona. Wani abokina, Allah ya jiƙansa, ya buɗe IRA tun yana tuzuru, ya sa sunan yayansa da ke Kano. Daga baya ya yi aure, ya haifi uku, bai sake waiwayar fom ɗin ba. Da ya rasu, matar ta buga waya, aka ce mata ba za a iya tattauna asusun da ita ba don babu sunanta. Allah ya taimaka yayan mai tsoron Allah ne, ya ce dukiyar marayu ce, ba zai ci ko kwabo ba. Duk da haka sai da aka shafe watanni ana aike-aiken takardu tsakanin Kano da nan, kuma da yake shi ba ɗan ƙasa ba ne ba kuma mazauni ba, an yanke kashi 30 cikin ɗari tun daga tushe, ga shi babu yarjejeniyar haraji tsakanin Amurka da Najeriya da za ta rage hakan. Abin da ya rage ne ya yi tafiya zuwa gida, ya sake juyowa ga yaran da ke zaune a nan. Yanzu a ce yayan wani iri ne fa?

A 401(k) kuma lamarin juyawa yake yi. Dokar tarayya ta ce matar aure, ko mijin, ita ce ke ɗaukar komai, ko da wani suna ka rubuta, sai in ita da kanta ta sa hannu ta yafe a gaban jami'in da ke tabbatar da sa hannu ko wakilin asusun. Mu kuwa mun san tumunin takaba ne rabonta in akwai 'ya'ya, uwa da uba kowa na da sudusi, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Ba ina zargin matanmu ba ne, da yawansu za su fi kowa son a bi shari'a. Amma bai kamata a bar wa mai takaba nauyin raba kuɗin da doka ta ce nata ne, harajinsu ma a wuyanta, ga surukai na kira daga gida ba. Mai iyali biyu kuma, ɗaya a nan ɗaya a gida, ya sani cewa dokar ƙasar nan mace ɗaya ta sani.

HSA ma da tarkonsa. In matar aure ko miji aka rubuta, asusun na komawa sunansa da duk sauƙinsa. In ɗa ne ko ƙane, daga ranar rasuwa ya daina zama asusun lafiya, kuɗin kuma a lissafa su cikin abin da magajin ya samu a shekarar, a ci haraji. Su kuma kuɗin ritaya, tun daga 2020 yawancin magadan da ba miji ko mata ba dole su kwashe su cikin shekara 10.

Gyaran ba shi da wuya, abin haushin ke nan. Fom ɗin na karɓar sunaye da yawa, kowa da kasonsa cikin ɗari, kuma ana iya sauya shi ta intanet cikin mintoci ba tare da biyan komai ba. Wahalarsa ɗaya, rabon gado na sauyawa duk lokacin da aka yi haihuwa ko rasuwa a gida, shi kuwa fom yana nan yadda ka bar shi. Shi ya sa wasu ke zuwa wurin lauya a kafa musu amana ta musamman da za ta karɓi kuɗin ta raba. Wannan ma sai da ƙwararre, don yana iya sauya lissafin haraji.

Roƙona, Malam Edita, ku sake ware wa maganar nan shiri guda, ku haɗa lauyan da ya san dokar gado ta Amurka da malamin da ya san ilimin rabon gado a zama ɗaya, masu sauraro su yi tambaya. Masallatanmu na Bronx da Baltimore da Chicago ma su riƙa tunatarwa bayan sallar Juma'a.

Ni kaina da nake wannan dogon bayani, bayan jana'izar abokin nan ne na buɗe nawa asusun na duba. Sunan mahaifiyata na tarar, ita da ta rasu shekara shida kafin nan.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Maryland, Amurka